Kifi na ganinka mai jar koma

Mu mutanen Adar ba mu san teku ba. Kifin da na tashi da saninsa iri uku ne: tarwaɗar tabki da ake kamawa idan ruwa ya fara janyewa bayan kaka, da bandar da fatake ke kawowa daga gabas cikin kwali, sai sardin na gwangwani da ake buɗe wa baƙo mai daraja. Amma kuɗin da aka saya mini littafin farko da su, da wandon kaki na shiga kolej, daga kifin teku suka fito. Na daɗe ban yarda na faɗi wannan magana a gaban mutane ba.

Yayana ya tafi Abijan a 1989, yana ɗan shekara 19, kamar yadda samarin ƙauyukanmu na jihar Tawa suka saba tafiya biɗa. Ya yi dako, ya yi tallar agogo, daga baya ya kama sana'ar da ta riƙe shi shekara 22 a unguwar Ajame, wato sayar da garba. Ga mai karatun da bai taɓa zuwa Kwaddibuwa ba, garba abinci ne na aceke, wato tsakin rogo da ake turarawa, a ɗora masa yankan kifin ton soyayye, a barbaɗa albasa da tumatir da ɗanyen tonka, a kwarara man suyar a kai. Abincin leburori ne da ɗalibai da direbobi. Galibin masu sayar da shi ƴan Nijar ne, kuma abin da aka fi faɗa shi ne daga sunanmu na Garba abincin ya samo sunansa. Da wannan sana'a Yaya ya riƙe gidanmu, har a shekarar 1994 da aka karya darajar sefa, kome ya yi tsada, bai taɓa fashin aiko da kuɗi ba. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen ƙasar ne ya dawo da shi gida a 2011, da jaka ɗaya da rediyo.

A watan Disamba na 2024 ya zo Yamai domin a yi masa aikin yanar ido, ya sauka gidana. Wata safiya muna shan shayi sai rediyo ya ba da labarin cewa hukumar UNESCO ta sa aceke cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Yaya ya yi dariya har ya yi tari, ya ce, "Ashe abin da nake aunawa da cokali na dala ashirin ya zama sarauta. To kifin fa, an manta da shi?" Daga nan ya ce shekara 13 ke nan rabon da ya ji ƙamshin ton a cikin mai.

Sai na ƙudura zan dafa masa. Sai dai a zuciyata akwai wata manufa da ban bayyana ba. A 2016 an tura mu Dakar wani horo na malaman Faransanci, kuma a can na fara cin ton irin dahuwar da Turawa ke kira mi-cuit: a gasa bayansa a kasko mai tsananin zafi, a bar cikinsa ja. Da farko ƙyama ta kama ni, daga baya na ji daɗinsa, na kuma riƙe shi a raina a matsayin cin ton na masu ilimi. Ina son in nuna wa Yaya cewa kifin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana soyawa, ni na san masa wata hanya da ta fi tasa.

Na samo yanka biyu masu kauri a wani shagon da ke sayar da kifin teku daskararre, kowane ya kai kaurin yatsu biyu. Na sa su a ƙasan firigo su kwana su saki a hankali, domin ba a narkar da irin wannan kifi a rana ko a ruwan zafi. Cikin dare kuran ya ɗauke na wani lokaci, na tashi ina ta zullumi. Da la'asar na fitar da su, maiɗakina tana tsaye a bakin madafa tana kallona irin kallon da ake yi wa mai shirin ɓarna. Ta ce, "Malam, wannan ai naman sa ne, wane irin kifi ne ja haka?"

Na samu abin da nake so, wato damar ba da darasi. Na bayyana mata cewa jan nan ba jini ba ne. Ton kifi ne da ba ya tsayawa, dare da rana yana ninƙaya, domin sai ruwa na ratsa bakinsa yake samun numfashi. Tsokar da ke aiki ba hutu tana cike da wani sinadari mai riƙe iskar numfashi, irin wanda ke sa naman sa ya yi ja. Saboda haka ne kuma namansa ke bushewa ya yi tauri idan ya daɗe a wuta, tunda ba shi da kitse mai yawa.

Yaya yana zaune a tabarma da bandeji a ido ɗaya. Ya ce, "Mushe, miƙo mini in gani." Mushe yake kirana tun ranar da na fara koyarwa, rabi girmamawa, rabi tsokana. Bai duba kifin da ido ba. Ya latsa shi da babban yatsa ya jira ya ji ko naman zai dawo, ya sunsuna, sannan ya ɗan gutsuri gefe ya ɗora a kan harshe. Ya ce, "Lafiyarsa lau. Wanda ya sha zafi a hanya, yana yi maka yaji a baki tun ba a sa masa tonka ba. Irin wannan ko ka soya shi ya ƙone, mai ci sai fuskarsa ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo. Ni na zubar da kwando guda saboda haka, na kwana da bashi." Abin da yake faɗa na san shi a littafi da sunan histamin, gubar da ke taruwa a naman ton idan sanyi ya yanke masa, wadda wuta ba ta kashewa, kuma ba kullum take ba da alama ba. Ni sunan na sani, shi kuwa ya san farashinta.

Na ɗora kasko a gaz, na zuba man gyaɗa kaɗan, na barbaɗa wa yanka na farko gishiri da masoro, na saka. Maimakon ƙara sai na ji wani ɗan shuu, ruwa ya fito, kifin ya fara dahuwa cikin romonsa, ya yi launin toka. Na yi ƙoƙarin juya shi, ya manne, ya yage.

Yaya ya tashi ya shigo madafa yana lalube. Ya ce, "Tun daga can na ji ka ɓata shi. Kaskonka bai yi zafi ba, kifinka kuma jiƙaƙƙe ne." Ya sa aka kawo tsumma mai tsabta, ya tsane yanka na biyu har sai da ya daina damshi. Ya ce a wanke kasko, a mayar, a bar shi a wuta babu kome a ciki. Ya riƙa kai tafin hannu sama da shi yana auna zafi. Kifin ya shafa wa mai da gishiri, bai zuba a kasko ba. Da ya ajiye shi, ƙarar ta cika gidan. Na kai hannu zan taɓa, ya buge mini yatsu kamar ina ɗan shekara 7. Ya ce, "Bar shi. Idan ya yi, da kansa zai saki kasko." Bayan kamar minti ɗaya da rabi ya juya shi, bayan ya yi ɓawon ruwan ƙasa mai kyau. Ya tambaye ni, "Yanzu yaya Turawan naka suke so? A sauke?" Na ce a ƙara minti ɗaya a sauke. Ya sauke, ya bar shi ya huta kaɗan, ya yanka a gicciye. Ga bakin ya gasu, ga tsakiya ja kamar yadda na ci a Dakar, har ya fi.

A lokacin da yake riƙe da wuƙa ne na dubi hannuwansa da kyau, karo na farko cikin shekaru masu yawa. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa duk ɗigo-ɗigo ne na tabon mai. Ya ba ni labarin yadda yake tashi kafin asuba ya je tashar jiragen kamun kifi. Manyan jiragen suna daskarar da ton cikin ruwan gishiri tun a teku. Masu kyau su tafi masana'antun gwangwani a kai su Turai, ƙanana da waɗanda suka ƙuje a sayar wa mutanen gari. Wannan ragowar, da ake kira faux thon, wato ton na ƙarya, ita ce ta biya mini kuɗin jarrabawa.

Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ina cewa, "Yaya, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. A lise, duk shekara ana ba mu takarda mu rubuta sana'ar wanda ke riƙe da mu. Ni commerçant nake rubutawa. Ina tsoron ƴan birni su ji su riƙa kirana ƙanen mai garba."

Ya yi shiru yana goge wuƙa. Sannan ya ce, "Kifi na ganinka mai jar koma. Ka manta wasiƙun da kake aiko mini? A bayan ambulan haka kake rubutawa. Wani yaro ɗan lakwal da ke cin bashi a wurina shi ke karanta mini. Ya tambaye ni ina kantin nawa yake, na nuna masa kasko." Ya yi murmushi. "Ban ji haushi ba. Na ce yaron nan ya fara iya Faransanci."

Da ya yi faɗa, da abin ya zo mini da sauƙi.

Muka zauna cin abinci. Maiɗakina da yara suka ce su kam sai an mayar musu da nasu wuta ya nuna har ciki, kuma suna da gaskiya: kifin da ya yi doguwar tafiya daga bakin teku, ba a ba yara shi da jan ciki. Yaya ya soya musu nasu irin na Ajame, da albasa da tonka, muka ci da garin rogo da aka jiƙa tunda ba mu da aceke. Shi kuma ya ɗauki yanka ɗaya daga mai jan cikin, ya yi bismilla, ya tauna a hankali. Na tambaye shi yadda ya ji. Ya ce, "Da daɗi. Amma da na ba direban Ajame wannan, da ya kife mini tebur."

A makon da ya biyo baya, a ajin Hausa, na ba ɗalibaina aikin rubutu a kan sana'ar wanda ke ciyar da gidansu. Na ga wasu sun sunkuyar da kai, na kuwa san dalili. Kafin su fara, na ɗauki alli na rubuta tawa amsar a allo: yayana mai garba ne, shekara 22 a Abijan. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, babana ma yana can, a Abobo." Na ce ta fara da wannan.