Ranar Da Aka Ce A Yanke Sashen Huhun Ƙanwata

Kin san tarin fuka yana warkewa, maganinsa kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata 6 ake sha. To amma akwai nau'in da ya fi ƙarfin rifampicin da isoniazid, manyan magungunansa biyu. Yakan samu wanda ya katse magani, wani kuwa ɗauka yake yi daga mai shi.

Shi ne ya kama ƙanwata a Surko, gwajin kaki a Birnin Kudu ya tabbatar. Ta yi watanni kan sababbin magunguna, amma hoton ƙirji ya nuna kogo a huhunta na dama, inda ƙwayoyin cutar suke fakewa, magani ba ya ratsawa sosai. Likitoci a Kano suka ce a cire wurin.

Gida ya rikice. Surukarta ta ce wa ya taɓa rayuwa an yanke masa huhu? Likita ya yi mana bayani: Allah Ya yi huhun dama sassa 3, na hagu 2, ɗaya kawai za a cire. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da irin wannan aiki ga wasu masu ciwon, tare da magani. Muka yi istihara, maigidanta ya sa hannu. Bayan aikin ta ƙarasa maganinta, yau ita ke yi wa yaranta tuwo.

'Yar'uwa, tari in ya kai mako 2, ki je gwaji. In an fara magani, kar ki tsallake ko kwana ɗaya. Allah Ya ba mu lafiya, amin.