Diyyar Gona Da Abin Da Tsarin Mulki Ya Tanada

A Gella, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, manomi ba shi da dukiyar da ta wuce gonar da ya gada a gindin dutse. In aka wayi gari ma'aikatan safiyo sun kafa turaku a cikinta domin hanya ko makaranta, tambayarsa biyu ce: me za a ba shi, kuma yaushe?

Sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana karɓe dukiyar mutum tilas, sai bisa dokar da ta tanadi biyan diyya ba da jinkiri ba, ta kuma ba shi ikon zuwa kotu. To amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun Gwamna. Saboda haka gini da itatuwa da amfanin da ke tsaye ake yi wa kuɗi, ban da ƙasar kanta. Dawar shekara guda ake biya, alhali kuwa abincin zuriya aka ɗauke. Shi ya sa Sashe na 6 na dokar ya wajabta wa Ƙaramar Hukuma ba manomi wata gonar.

Mutanen Bakolori, can wajen Talata Mafara, sun san illar wasa da wannan hakki. Cikin watan Afrilu 1980, manoman da dam ya cinye gonakinsu suka tare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka yi asarar rayuka. Ya kamata hukuma ta biya kafin katafila ta shiga gona, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.