Kwanakina a Fukuoka wajen shak mai ƙaton baki

Litinin
Na shiga gidan kifaye na Marine World da hantsi, na tsaya gaban gawar kifin shak ɗin da masana ke kira Megachasma pelagios. Mace ce, tsawonta ya haura mita huɗu da rabi. Ruwa ne ya turo ta gaɓar Hakata a watan Nuwamba 1994, kuma ita ce macen farko da aka taɓa samu. Bakinta ƙato ne, haƙoranta kuwa ƙanana kamar ƙwayar gero.

Talata
Yau karatun tarihinsa na yi. Sai ranar 15 ga Nuwamba 1976 ɗan Adam ya fara ganin irinsa, lokacin da wani namiji ya sarƙe a igiyar angar jirgin sojan ruwan Amurka kusa da tsibirin Oahu a Hawai. Sunansa na kimiyya bai fito ba sai 1983. Halitta mai wannan girma ta daɗe tana yawo a teku, babu mai labarinta. Allah mai iko.

Laraba
Na koma na duba bakin da kyau. Wannan shak ba ya farautar manyan kifaye. Buɗe baki yake yi ya kwashi ruwa, matatar da ke maƙogwaronsa ta tare ƙananan jatan lande. Shak iri uku kacal ke cin abinci haka.

Alhamis
Labarin 1990 ya fi kama zuciyata. An kama wani da rai a ragar masunta kusa da Dana Point a Kalifoniya. Masana suka maƙala masa na'ura, suka sake shi, suka bi shi kwana biyu. Da rana yana ƙasa, wajen mita 150. Dare na yi ya hauro kusa da saman ruwa, yana bin abincinsa. Yawancin sauran da aka samu, har da ɗan ƙaramin da aka kama a tekun Senegal a 1995, raga ce ta fito da su.

Juma'a
Taiwan, inda aka fi kama shi, ta hana kamunsa a 2020. Matakin ya yi daidai, domin kifi ɗaya da aka saki da rai ya koya wa masana abin da gawarwaki da yawa ba su koyar ba. Ina roƙon sauran ƙasashe masu manyan jiragen kamun kifi da su bi sahu.