Yamma Ɗaya Wurin Masu Lalle a Delhi

'Yar'uwa, idan Allah Ya kai ki Delhi, ko da jinya ce ta kai ki kamar yadda ta kai ni, ki ware yamma ɗaya ki shiga kasuwar Lajpat Nagar. Ni goggona na raka aikin gwiwa. Ranar da ta fara takawa da sanda ta ce, "Ke 'yar nan, je ki sha iska, kin ishe ni da awon jini." Sai na hau jirgin ƙasan cikin gari, na sauka a tashar unguwar.

Tun kafin ki ga masu lallen hancinki zai gaya miki kin iso: ƙamshin ɗanyen lalle ne gauraye da man turare. Suna jere a gefen hanya kan 'yan kujeru, kowa da littafin hotunan zane. Mehndi suke ce wa lalle. Abin da zai fara ba ki mamaki, yawancin masu zanen maza ne. Sai da na zagaya kafin na samu wata dattijuwa na miƙa mata hannu.

Na yi dace da lokaci, don saura kwana biyu bikin Karwa Cauth, wanda ke faɗowa a Oktoba ko farkon Nuwamba. Matan aure mabiya addinin Hindu kan yini da azumi har wata ya fito, suna roƙa wa mazajensu tsawon rai, kuma kowace na so ranar ta same ta da lalle. Musulmin can kuwa, daren jajibirin sallah ne nasu cunkoson, kamar dai mu.

Ki zauna ki kalli hannun mai zanen. An naɗe leda kamar mazurari, bakinta kamar tsinin allura, tana matsawa lalle na fita siriri kamar zare. Ba ta duba littafi. Ta fara da da'ira a tsakiyar tafina, ta kewaye ta da ganyaye, ta fitar da ɗawisu yana jan jela zuwa wuyan hannu, ta cike tsakani da raga mai ƙananan idanu. Akwai siffar mangwaro mai lanƙwasasshen baki, akwai fure irin na bado. Zanen Indiya ba ya son fili, ba kamar na Larabawa mai manyan furanni da sarari ba. Na amarya yakan kai gwiwar hannu ko ya wuce, a ƙafa ya haura ƙwauri, a shafe awanni ana yi. A salon Rajastan har ango da amarya da giwa ake zanawa, sannan a ɓoye harafin sunan ango a cikin ragar, a bar shi da nema. Idan ba kya son siffar mai rai, ki faɗa tun farko, za a yi miki furanni zalla.

Na tambaye ta inda lallenta ya fito, ta ce Sojat. Wani gari ne a gundumar Pali ta jihar Rajastan, ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa, irin wadda lalle ke so. A 2021 aka yi wa lallen rajista da sunan garin, don kada wani ya sayar da nasa da sunan.

Da ya fara bushewa ta shafa mini ruwan lemun tsami da sukari, ta yi mini nuni kada in wanke, in kankare shi da safe. Da na kankare, sai ga shi ruwan lemo fayau. Goggo ta ce, "An cuce ki." Bayan kwana biyu ya rine ya koma ja mai duhu, tafi ya fi ko'ina kamawa saboda kaurin fatarsa. Haka lalle na gaskiya yake, sai a hankali, kuma ba ya zama baƙi ƙirin.

Nan nake so ki saurare ni da kyau. Baƙin zanen da ke kamawa cikin ƙasa da awa ɗaya, a can da nan gida, galibi an haɗa shi da sinadarin PPD na rinin gashi. Na taɓa wanke hannun wata amarya a wurin aiki, kwana kaɗan bayan kai ta ɗaki. Zanen ya tashi ya yi ƙuraje masu ruwa, kowane fure da siffarsa, tana kuka tana tambaya ko tabon zai goge. Ba kowa yake yi wa haka ba, amma wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya, yakan ci gaba da ƙi har abada, ko rinin gashi ya zame mata matsala. Kuma illar kan jinkirta har sati ɗaya ko biyu, shi ya sa ba a zargin lallen.

Don haka ki tambayi mai ƙunshi abin da ta zuba a kwaɓinta. Ɗanyen lalle kore ne mai ƙamshin ganye. In ƙaiƙayi ko kumburi ya biyo baya, ki je asibiti, ki daina shafe-shafe. Jarirai kuwa a ƙyale su ko da jan lallen ne, domin yaron da ke da ƙarancin sinadarin G6PD a jini, wanda ya yawaita a ƙasarmu, lalle na iya farfasa masa ƙwayoyin jini.

Ɗawisuna ya yi kusan sati biyu kafin ya dushe, wankin hannu na aiki ya ƙarasa shi. Goggo ta dawo da ƙafarta, ni na dawo da garin lalle ƙunshi uku. Ke fa, ja kike yi ko baƙi, kuma ya taɓa yi miki illa?