Allon Malam da Darasin da Ya Koya Mini

Da aka ce in rubuta wani abu domin amfanin ɗalibai, sai na ga ya dace in ba da labarin 'yar na'urar nan da kuke gani a hannuna, wadda 'yan ajin ƙarshe suka laƙa wa suna "Allon Malam". Wasu iyaye da malamai sun soma sayen irinta, kuma sau da yawa akan tare ni da tambaya bayan sujada ko a ofishin malamai. Zan faɗi abin da na koya, har da wani kuskure da na yi wanda har yau nake jin kunyarsa.

Aikin wannan na'ura guda ɗaya ne, wato ajiye littattafai da nuna su shafi-shafi. Wadda aka fi sani ita ce Kindle, da kamfanin Amazon na Amurka ya fitar a watan Nuwamba na shekarar 2007. Akwai kuma Kobo, wadda ta fito daga Kanada a 2010. Tawa tsohuwa ce, ƙanena da ke aiki a Kaduna ya kawo mini ita tsaraba lokacin Kirsimeti na 2022.

Ta zo a kan gaɓa. A manhajar adabin Turanci ta 2021 zuwa 2025, hukumar WAEC ta sa Wuthering Heights na Emily Bronte da A Midsummer Night's Dream na Shakespeare, mu kuwa kwafi huɗu muke da su ga ɗalibai fiye da talatin. Na samu littattafan biyu kyauta na zuba a ciki, na soma ba ɗalibai aro, kowa kwana uku.

A watan Afrilu na 2023, ana saura 'yan makonni a fara jarrabawa, layi ya zo kan wani yaro ɗan Maiyama, mai ƙoƙari da kunya. Bayan kwana biyu ya komo da ita, fuskarta ta tsaya cik a kan hoto guda, ko an danna ba ta motsi. Raina ya ɓaci, na yi masa faɗa a gaban 'yan ajinsu, har na ce mahaifinsa zai biya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, gaskiya ban yi mata komi ba." Ban saurare shi ba.

Na kai ta wurin wani mai gyaran waya a kasuwar Jega. Ya juya ta ya ce, "Malam, ban taɓa buɗe irin wannan ba, ba na so in ɓata maka kaya." Allah ya saka masa, domin da ya buɗe, da ta ƙare. Ranar Lahadi sai na nuna wa ɗan wani dattijon ikilisiyarmu da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero. Ya sa ta a caji kamar awa ɗaya, ya danne maɓallin kunnawa bai saki ba, can sai ga ta ta farfaɗo. Ya tambaye ni, "Baba, littattafai nawa ka zuba mata kafin ka ba da aro?" Na ce kusan ɗari biyu, a dare ɗaya. Ya yi murmushi ya ce to, nan gizo ke saƙa. Duk sabon littafin da aka sa, na'urar takan bi shi kalma-kalma tana jera su domin sauƙin nema, wannan aiki kuwa yana shan batir ƙwarai. Ashe ni na kashe ta, yaron bai san hawa ba bai san sauka ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Tun daga ranar na ɗaura aniyar sanin halin abin da nake riƙe da shi. Ga abin da na tara.

Na farko, idan ta ƙame, kada hankali ya tashi. A cikin fuskarta akwai ƙananan ƙwayoyi farare da baƙaƙe, wuta tana motsa su ne lokacin juya shafi kawai. Shi ya sa caji ɗaya kan yi makonni, shi ya sa kuma hoto kan zauna a fuskar ko da batir ya mutu. A sa ta a caji awa ɗaya ko fiye, sa'an nan a danne maɓallin kunnawa har daƙiƙa 40. Wannan ba ya goge littafi ko ɗaya.

Na biyu, a yi tattalin batir, tun da a nan ba kullum ake da wuta ba. A kashe intanet ɗinta ta wurin alamar jirgin sama in ba ana ɗauko littafi ba, a kuma rage fitilarta da rana, gama hasken rana ya ishe ta kamar takarda. A riƙa zuba littattafai kaɗan-kaɗan tana kan caji. Idan batir ya ci gaba da zuba ba dalili, a cire littafin da aka sa na ƙarshe, watakila gurɓatacce ne. Kada kuma a jefa ta cikin akwati babu caji har dogon hutu ya wuce, domin irin wannan batir yakan lalace idan ya daɗe a ƙone.

Na uku, zafi da ƙura. Masu ƙera Kindle sun ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 0 da 35, mu kuwa a Jega daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haye 40. Saboda haka kada a bar ta a bakin taga, ko gaban mota, ko a yi mata caji da tsakar rana a ɗakin kwano. Da hunturu ƙura takan toshe ramin caji. A share shi da busasshen buroshi mai laushi, ban da allura, ban da ruwa. Idan ta ƙi caji, a fara gwada wata igiya kafin a zargi na'urar.

Na huɗu, gilashinta na ciki siriri ne ƙwarai. Kada a sa ta a aljihun baya, ko a ƙasan jaka a danne ta da littattafai a hau kabu-kabu. A ɗinka mata riga da kwali mai kauri a ciki. Idan ka ga layuka sun ratsa fuskar, rabi yana canjawa rabi ya tsaya, gilashin ya fashe ke nan, kashewa da kunnawa ba za su yi magani ba. Amma idan inuwar shafin baya ce kawai ta rage, a saita ta ta riƙa wanke fuska a kowane shafi.

Na biyar ya shafi mu masu karatun Hausa. Wani lokaci haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, sukan fito kamar ƙananan akwatuna, ko su bambanta da sauran. Laifin salon rubutun ne da ba shi da su. A canja zuwa wani salo. In ba a dace ba, ƙungiyar SIL tana ba da Charis da Andika kyauta, dukansu suna da haruffanmu. Ana haɗa na'urar da kwamfuta a zuba su cikin jakar da ake kira fonts. Haka kuma littafin PDF yakan fito ƙanana a fuska mai inci 6, domin shafinsa a ɗaure yake. EPUB ya fi, gama ana iya ƙara girman rubutunsa. Manhajar Calibre, ita ma kyauta, tana juya littafi zuwa irin da na'urarka ke karɓa.

Na shida, a kula da inda ake samo littattafai. Project Gutenberg, da Michael Hart ya kafa a 1971, yana da tsofaffin littattafai fiye da 70,000 kyauta, bisa halal. Amma littafi irin Second Class Citizen na Buchi Emecheta yana da masu haƙƙi, sai a saya. Na sata da ake yawo da su a WhatsApp cin gumin wani ne, kuma sau da yawa a cikinsu ake samun gurɓatattu.

Na bakwai, a yi amfani da ƙamus ɗin da ke ciki. Ka ɗora yatsa a kan kalmar Turancin da ta gagare ka, ma'anarta za ta fito ba tare da intanet ba. Ina ba ɗalibaina shawara su kwafe kalma biyar kowace rana a littafin rubutu. Littattafai ɗari biyu da na tara a dare ɗaya ba su ƙara mini komai ba. Guda ɗaya da aka karanta har ƙarshe ya fi su.

Game da yaron nan, ranar Litinin na kira shi gaban ajin da na kunyata shi, na bayyana abin da ya faru, na ce, "Ɗana, ni na yi kuskure, ka yafe mini." Ya ce, "Ba komi, Malam." Na ƙara masa mako guda a kan kwana ukunsa. Ya rubuta jarrabawarsa ya tafi, amma har yanzu nakan tuna da kwanakin karatun da fushina ya ci masa.

Ya ku ɗalibai da 'yan'uwana malamai, duk wanda yake da irin wannan na'ura kuma ta ba shi wahala, ya same ni a ofishin malamai bayan an tashi. Idan kuma wani ya komo muku da abin aro a lalace, ku bincika tukuna kafin ku yanke hukunci. Allah ya ba mu haƙuri da fahimta, ya kuma ba masu fita a bana sa'a. Amin.