Wa Ya Yi Maka Alkawalin Bak?

Na faɗi bak a karon farko. Ba na ɓoye wannan, ƴan ɗakinmu duk sun sani. Abin da ban cika faɗa ba shi ne yadda na yi fushi da Allah har wata uku saboda faɗuwar nan.

Muna tarminal A4 a Maraɗi, saura kwana huɗu a shiga jarabawa, wani abokina ya ja ni gefe ya nuna mini wayarsa. Ya ce akwai mai sayar da tambayoyin falsafa da na tarihi, kowa ya kawo jikka biyar a haɗa, a turo ta WhatsApp. Ina da kuɗin, domin babana ya ba ni na abinci da na kabu-kabu na satin jarabawa. Na kwana ina juyi. Da safe na ce masa ba ni ciki. Ya yi dariya ya ce, "To fasto, sai ka yi mana addu'a."

Ba tsarkin zuciya ne kaɗai ya hana ni ba. Lissafi nake yi. Na yi azumin kwana uku, ban taɓa fashin sujada ba tun farkon shekara, ga shi yanzu na ƙi sata. A raina na riga na rubuta yarjejeniya: ni na yi nawa, saura Ubangiji ya yi nasa. Ranar da aka karanta sakamako ina tsaye cikin rana har aka kai ƙarshen takarda, ban ji sunana ba, ko zagaye na biyu ban samu ba. Abokin nan nawa ya ci. Ko tambayoyin da suka saya na gaskiya ne ko na ƙarya, wannan bai dame ni ba a ranar. Shi yana ihu, ni ina neman hanyar da zan bi in koma gida ba tare da na gamu da kowa ba.

Sati biyu ban je majami'a ba. Innata ta ga abin ya yi yawa, ta tura ni Tsibiri wurin kakata, wai in taya ta noma. Kaka ba ta yi lakkwal ba, amma ta koyi karatun Littafi Mai Tsarki na Hausa tun tana budurwa, kuma nata duk ya tsufa, an ɗaure bangonsa da tsumma. Wata rana da maraice na zazzage mata komi. Na ce na yi biyayya, Allah bai cika alkawali ba.

Ta bar tsinkar zogalen da take yi ta dube ni. "Ɗiyana, wa yay yi maka alkawalin bak? Ɗauko littahin ka gwada mini wurin."

Na ce ai an rubuta cewa mai adalci zai yi albarka.

"Albarka na ji. Bak nika tambaya. Kai kay yi magana, kai kab ba kanka amsa, kuma kana hushi da wanda bai ce komi ba."

Haushinta na ji a lokacin. Sai da na zo jami'a na fara nazarin harshe na gane abin da tsohuwar nan ta kama da hannu ɗaya.

A darasin ma'anar magana an koya mana aikin wani Bature ɗan Ingila, Austin, wanda littafinsa ya fito a 1962. Ya nuna cewa wasu maganganu ba labari suke bayarwa ba, aiki suke yi. In mutum ya ce "na yi maka alkawali", faɗar ita ce yin. Sharaɗin farko kuwa a fili yake: mai alkawali shi ne wanda ya buɗe baki. Ba wanda zai ɗaura wa wani alkawali a bayan idonsa sannan ya zo yana binsa bashi. Ina zaune a aji na tuna da Kaka da zogalenta.

Daga nan na shiga bin kalmomin. Alkawali, ko alkawari yadda ake rubutawa a Kano, daga Larabci muka aro shi, al-ƙawl, wato magana. Fastonmu, wanda ya taɓa Ibrananci a makarantar Littafi Mai Tsarki, ya nuna mini cewa a Tsohon Alkawari babu wani fi'ili na musamman na yin alkawali. Wuraren da fassara ta sa "ya alkawarta", sau da yawa asalin "ya ce" ne ko "ya faɗa". A farkon sura 21 ta Farawa, inda Saratu ta haifi Ishaku, kalmomin nan biyu aka yi amfani da su. Mu mutane muna bukatar rantsuwa da shaidu da sa hannu domin maganarmu ba ta da nauyi ita kaɗai. Shi in ya faɗa, ya ɗauki kayan ke nan. Hausawa sun ce alkawali kaya ne.

Biyayya kuma fa? Nan Hausa ta ba ni mamaki. In yaro ya gagara, ba mu cewa ba ya biyayya, cewa muke ba ya jin magana. Ibrananci ma haka yake: shama, ji ne, kuma shi ne yin biyayya. Ko obéir na Faransanci da muke ta maimaitawa tun firamare, daga Latin ya fito, kuma audire, wato ji, yana cikinsa. Harsuna uku, wuri ɗaya suka nuna: kunne. A 1 Sama'ila sura 15, da sarki Saul ya kawo dabbobin da aka hana shi ɗauka yana cewa na hadaya ne, annabi Sama'ila ya nuna masa cewa jin maganar Ubangiji ya fi yanka. Azumina na kwana uku irin dabbobin Saul ne. Ban yi shi don in ji ba, na yi shi don in biya.

To mi Allah ya faɗa da gaske? Da na koma littafin da kunne maimakon lissafi, na tarar alkawuran ba su da sunan bak ko aiki ko aure. Ya ce ba zai bar nasa ba. Ya ce mai tuba zai sami gafara ta wurin Yesu Almasihu. Yesu kuma bai ɓoye wa almajiransa ba cewa za su sha wuya a duniya, yana nan a ƙarshen sura 16 ta Yohanna. Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran a kan magana ɗaya, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. Shekara 25. Ni wata uku na kasa. Sura 11 ta Ibraniyawa ta ƙara da abin da ya fi wannan nauyi: da yawa cikin masu bangaskiya sun mutu ba su riƙe abin da aka alkawarta a hannunsu ba, daga nesa suka hango shi.

Na maimaita tarminal. Babana ya sayar da rago biyu don shekarar nan, bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi gorin ciwo. Na ci a karo na biyu. Ba zan ce muku cin nan shi ne cikar alkawali ba, in na faɗi haka na koma kan kuskurena na farko. Na ci ne domin na gyara falsafa, na daina haddar darasi kamar aku. Da na sake faɗuwa ma, ƙin sayen tambayoyin nan da na yi yana nan daidai, kuma Allah yana nan yadda ya ce. Abin da na gani da idona shi ne ba a bar ni ni kaɗai ba a shekarar nan mai ɗaci: ga Kaka, ga babana, ga wani mushe musulmi da ya riƙa duba rubutuna ranar Asabar bai karɓi ko dala ba.

Na san yawancin masu karanta wannan ɗan littafi musulmi ne. Kalmar da muke rufe addu'a da ita ɗaya ce, amin, kuma saiwarta ɗaya da amana da aminci da imani: abin da ya tsaya daram, wanda za a iya jingina da shi. Jarabawa na tafe, kuma na san wayoyi za su fara motsi da dare. Kowa ya san maganar da aka faɗa masa a kan sata. Allah shi ba mu kunnen ji.