Ƙamshin Tsiro

Bari in fara da faɗin gaskiya: ni ba mashayin giya ba ne, addinina ya hana, kuma ban zo kwaɗaita wa kowa ita ba. Sha'anin harshe ne ya kawo ni batunta.

A shekarar 2013 na halarci horon malaman Faransanci a birnin Bezanson na ƙasar Faransa. A cikinmu akwai wani malami ɗan Ingila. Wani marece ya jera kwalabe uku da ya yo guzurinsu daga gida, duka na giyar nan tasu mai ruwan ƙasa, ya gayyaci abokai su ɗanɗana su yanke hukunci. Ni dai na nemi a bar ni in sansana, in kasa kunne.

Ta farko ita ce Newcastle Brown Ale, wadda aka soma dafawa a 1927 a arewa maso gabashin Ingila. Ta babban kamfani ce, ya ajiye ta a matsayin ma'auni. Ta biyu, Manns, haihuwar Landan ce tun 1902. Ta fi duhu, ta fi zaƙi, ƙarfinta kuwa bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Ta uku ita ce abin alfaharinsa: Nut Brown Ale ta gidan Samuel Smith a garin Tadcaster, gidan da bai shiga hannun manyan kamfanoni ba, madafarsa kuma tana nan tun 1758. Ya ce tana da ɗanɗanon gasasshiyar gyaɗa, alhali ko ƙwaya ɗaya babu a ciki. Daga tsiron sha'ir da aka gasa yake fitowa, sai ɗan ɗacin wani fure da suke sakawa. Ya yi ta laluben kalmar da zai faɗi wannan da Faransanci. Ni kuwa a zuci na ce: ai garɗi ke nan.

Da na kai hanci bakin kofin na uku, sai ga ni a Lugu, ina ɗan shekara takwas, tsaye a gindin murhun yayar kakata. Ita kaɗai ta rage a danginmu bisa tafarkin Azna, kuma dafa giya ce sana'arta. Takan jiƙa jar dawa, ta shimfiɗa ta a inuwa tana yayyafa ruwa har ta tsira, ta shanya, ta niƙa, ta dama a manyan tukwane, ta dafa, ta bar ta ta yi tsami, ta sake dafawa, ta tace, sannan ta juye a randa ta kwana tana kumfa. Dusar kuma awaki ke samu. Kafin ruwan ya tashi zaƙi gare shi zalla, ba ya sa maye, shi takan ɗibo mini a ƙoƙo tana zolaya: "Karɓi, maigidana, kada ka ce matarka ta yi maka rowa."

Abin da ban gane ba sai a Bezanson shi ne, tsofaffin da ke zama ƙofarta aikin da ɗan Ingilan nan ke yi suke yi. Da kurɓi ɗaya sukan san hannun da ya dafa. Ta wance ta yi bauri, ta wance wuta ta ci ta har ta yi ƙauri, wannan tsararo ce an cika mata ruwa, waccan ta yi lami. Ta Kaka kuwa, tsami da garɗi sun daidaita. Bambancin dai, ta Ingila tana jure watanni a kwalba, tamu kwana biyu ya ishe ta lalacewa. Haka ma ilminta: bai taɓa shiga takarda ba.

Da manyan kamfanoni suka nemi shafe giyar gargajiya a Ingila, sai wasu suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don kare ta. Mu ba wannan nake nema mana ba. Tukwanen Kaka sun fashe tun rasuwarta, ban kuwa ce a gina wasu ba. Damuwata ita ce kalmomin da suka bi ta kushewa. Bara na tambayi ɗalibaina a Dogon Dutsi bambancin ɗaci da bauri. Aji ya yi tsit.

Duniya ta san Lugu da Sarauniya Mangu da karonta da rundunar Bule a 1899, albarkacin littafin Abdullahi Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986. An rubuta kibau da kwari, an manta da murhu. Ni kaina na yi shekaru ina kunyar ambatar sana'ar Kaka a gaban abokan aiki, kamar wanda ke ɓoye tabo.

Don haka nake kira ga ƴan uwana malamai da ƙungiyoyin raya al'adu: tsofaffin da suka san waɗannan kalmomi ba su ƙare ba tukuna. Mu je mu durƙusa gabansu da alƙalami. Rubuta sunan abu ba shan sa ba ne, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.